Ɗan Mama Sarla Ba Ya Kallon Mata

Levenshulme, 4 ga Nuwamba, 2013

Yaya Zinatu,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya Baban Nuru da sanyin Birmingham? Takarda na rubuto don a waya kuka zai hana ni magana.

Kin tuna maƙwabciyata 'yar addinin Hindu, Mama Sarla, mai kawo mana alawar madara? GP, likitanta, ya ce zuciyarta ba za ta kai bazara ba. Tun da ƙaramar hukuma ta rufe day centre ɗin da tsofaffi ke wuni, ni kaɗai ke leƙa ta.

Ɗanta ɗaya ne, Nilesh. Tun yana rarrafe take zaunar da shi gaban fitilar bautarta, tana koya masa komai na duniya aro ne. Shi kuwa ya ɗauka da gaske. Ya bar jami'a, ya aske kai, ya yafa mayafi ruwan lemo, ya shiga masu gudun duniya. Shekara shida rabonta da shi.

An ce yana wurin bautarsu na garinku. Don Allah ki je ki ce ya zo ya ga uwarsa. Ba ita ta aiko ni ba.

Ƙanwarki,
Raki

Ladywood, 11 ga Nuwamba

Raki,

Wa alaikumus salam, muna lafiya. Kin sa na sha kunya. Na shiga kai tsaye, na kira shi da sunansa, na fara gaisuwa irin tamu. Sai ya juya fuska ga bango, maza suka rako ni waje cikin ladabi. Ashe a ɗariƙarsu wanda ya yafa wannan mayafi ba ya kallon mace, ba ya mata magana, ko da uwarsa ce. Sunan ma ya bar shi.

Na tura Baban Nuru. Amsar da ya samo ita ce: "Ina yi mata addu'a. Ita ta nuna min wannan hanya."

Amma ranar Lahadi mata na zama can baya, za ta iya hango shi. Ki kawo ta, na gyara ɗaki. Ya rame, Raki, kuma ƙafarsa ko safa babu a kan tayil.

Kullum ina roƙon Allah ya cire wa Nuru son duniya. Jiya da na zo wurin a addu'ata, bakina ya yi nauyi.

Ki gaishe ta.
Yayarki

Levenshulme, 14 ga Nuwamba

Yaya,

Sallama da godiya. Ba za mu zo ba. Na fassara mata wasiƙarki, na tsallake wani wuri. Ta ce idan ya ji tarinta a cikin taro zai waiwayo, aikinta na shekara ashirin ya lalace.

Na kai ƙofa ta kira ni, ta ce tun yana ƙarami sanyi ta ƙafa yake kama shi. "Yana sa safa kuwa?"

Na ce mata yana sawa. Allah ya yafe min.

Taki,
Raki