Mai Kalanda

Auta,

Bayan sallama da gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali da aikin maɗaba'a. Mu nan sai godiya.

Kalandarka ta bana ta iso. Na rataye ta a shago saman keken ɗinki, a ƙusar da ta bara ta sauka. Na ga har yanzu kai ke rubuta musu ɗan abin mamakin nan na ƙasan kowane shafi, don na gane bakinka. Ashe kada ba ya iya zaro harshensa waje? Na karanta wa masu kawo ɗinki, wani ya ce ina ma surukarsa kada ce. Ka ga iliminka yana yi wa jama'a amfani.

Na zaɓi takarda ne domin a waya ban taɓa kai ƙarshen magana da kai ba. Da na ce "Yayarka", sai ka ce ana nemanka a ofis, ko ka tambaye ni ko na san giwa ba ta iya tsalle. To na sani yanzu. Ban san inda zan kai shi ba, amma na sani.

Saurara da kyau. Mantuwar Yayarka ta wuce ta ina na ajiye makulli. Kwanan baya takalminta na tsinta a firij. 'Yarmu ta shigo gaishe ta, ta tambaye ta 'yar gidan wa ce. Likita ya ce abin gaba zai riƙa yi, ba baya ba. Amma kai kana nan daram a kanta. Kullum da la'asar sai ta sa na ja mata kujera bakin taga, wai Auta ya kusa dawowa, kada ya tarar da ƙofa a rufe.

Matar nan ita ta goya ka tun uwarku ta rasu kana rarrafe. Ranar da ta tare a gidana kana riƙe da gefen zanenta, na ce ashe mutum biyu na aura. Ban yi ƙorafi ba a lokacin, yanzu ma ba shi nake yi ba. Ka zo tun tana da abin da za ta gane ka da shi.

Ka gaida mutanen gida.

Mijin Yayarka,
Tela

*

Yaya Tela,

Amin wa alaikumus salam. Na samu takardarka, na kuma ji daɗin jin lafiyarku. Allah ya ƙara girma, ya saka maka da alheri a kan ɗawainiyar da kake yi.

Batun Yaya ya tsaya mini a rai. Na ɗan yi bincike a kai. Masana sun ce ƙamshi yana daga cikin abubuwan da suka fi saurin tayar da tsohon tunani, haka ma waƙar da mutum ya saba ji tun yana ƙuruciya. Ko za a nemo mata irin sabulun da take amfani da shi a da? A kuma rage canza wa kayan ɗaki wuri.

Game da zuwa, wallahi ina da niyya. Sai dai wannan ne lokacin da aiki ya fi yi mana yawa, an riga an fara shirin kalandar baɗi, kuma sai na tabbatar da kowane abu kafin a buga. Ka san in an yi kuskure ɗaya, shekara guda zai yi a rataye a bangon mutane. Da na samu sarari za ku gan ni, in sha Allahu.

Tunda masu kawo ɗinki suna so, ga wani ka ba su tun kafin ya fito: idon jimina ya fi ƙwaƙwalwarta girma. Kyanwa kuma ba ta jin ɗanɗanon zaƙi, ko ka ba ta sukari ɓarna ka yi.

Ka gaida Yaya da kyau, ka ce ina nan tafe.

Ƙaninka,
Auta

*

Auta,

Sallama. Muna lafiya. Sabulu an saya, mun gode da bincike. Ta wanke hannu da shi ta ce ba ya kumfa.

Bari in ba ka labari, ka san ni ba na gaggawa.

Ranar Talata na tafi karɓo maganinta, na bar ta da maƙwabciyarmu, matar direba. Layi ya yi tsawo. Da na dawo, tun daga matakala nake jin dariya. Na tsaya na saurara, don na kwana biyu ban ji wannan dariyar a gidana ba. Na shiga na tarar da Yayarka tana share hawaye da gefen mayafi.

Na ce, "Lafiya, uwargida?"

Ta ce, "Ka yi rashi. Mai kalanda ya zo. Wai malam buɗe littafi da ƙafa yake ɗanɗana abinci! Na ce to Allah ya sa yana wanke ta."

Na dubi matar direba. Ta ce wani dattijo ne ya ƙwanƙwasa, da furfura a gemu da tabarau, da kalanda naɗe a hammata. Ya daɗe a tsaye bakin ƙofa yana goge tabarau da bakin riga. An ba shi kujera ya zauna a gefe-gefenta kamar wanda ya zo neman aiki. An kawo masa shayi ya bar shi ya huce.

"Baba Tela," in ji ta, "ni dai ban taɓa ganin mai talla irinsa ba. Bai sayar da komai ba. Wai ƙashin wuyan raƙumin dawa bakwai ne, daidai da na mutum. Daga nan ya miƙe ya ce bari ya je ya dawo."

Auta, na tsufa, zare ma sai an zura mini a allura. Amma a duk duniyar nan mutum ɗaya na sani da zai yi tafiyar yini guda a mota, ya shiga ɗakin mara lafiya, ya gaishe ta da wuyan raƙumin dawa.

Ka zo har ɗakin da ka yi wayo a cikinsa, ka zauna a gabanta, ka kasa cewa "ni ne". Ni ma ba ka jira ni ba. Bayan fitarka ta koma bakin taga har magariba tana jiranka.

Ba zagi na zauna rubutawa ba. Tambaya ce, kai da ka san amsar komai.

Tela

*

Yaya Tela,

Ina gaisuwa. Ni ne, ba zan musa ba.

Tun a mota nake shirya abin da zan ce. Da aka buɗe ƙofa ta ɗago ta dube ni sama da ƙasa, ta gyara mayafi kamar yadda take yi wa baƙi, ta ce, "Bawan Allah, wa kake nema?"

Ka rubuta mini cewa ina nan daram a kanta. Ba ni ba ne, Yaya Tela. Wanda take jira yaro ne mai gajeren wando da jakar makaranta. Ni kuwa tsoho ne mai ciwon gwiwa.

Na buɗe baki in faɗi sunana, sai bakin ya yi abin da ya saba. Da ta yi dariya na ƙara mata wani. Ta ce, "Kai kamar ƙanena. Shi ma haka yake, in ya yi laifi sai ya hau ba ni labarin tururuwa har in manta da bulala. Zauna ka jira shi, yanzu zai shigo, ku gwada wa ya fi wani."

Na zauna. Mu biyu muna kallon titi, muna jirana. Duk yaron da ya wuce sai ta miƙa wuya.

Ka gaya mini, da na ce ni ne, me zan ba ta? In ɗauke mata yaronta in miƙa mata wannan furfurar? In ta yarda, ta yi rashinsa. In ba ta yarda ba, ni ban san yadda zan sauko daga matakalar nan ba. Kai kana da ƙarfin da ba ni da shi, ka daɗe da sanin haka.

Ban ce na kyauta ba. Ka yi mini haƙuri, ka kuma ba ni lokaci.

Ƙaninka,
Auta

*

Auta,

Sallama. Na karanta.

Lokacin da kake nema ba a hannuna yake ba, da na ba ka.

Abin da kake tsoro ya kau, sai ka kwantar da hankalinka. Ta daina jiran Auta. Ta daina sa a ja kujera bakin taga. Na ambaci sunanka shekaranjiya don in gwada, ta ce ba ta san mai wannan suna ba, ko ɗan unguwar nan ne?

Amma tana cigiyar mai kalanda. Safe da yamma. Wai mutumin kirki ne, ya ce zai je ya dawo.

Ni kuwa da ban taɓa zuwa ko'ina ba, jiya na gama ba ta magani, na gyara mata matashi, ta kama hannuna ta yi mini godiya sosai. Ta ce in na koma gida in gaida iyalina.

In za ka zo, ka zo a duk wanda ka ga za ka iya. Ba zan tona ka ba.

Ka huta lafiya.

Tela