Igwar da Shanuna Suka Ja

Talata, 3 ga Afrilu, 1945

An sauke mana sojojin ƙasarmu a gida. Magajin gari ne ya rako su har ƙofa yana ta sunkuyar da kai, wai katangar garkenmu ce ta fi kallon titin da Amurkawa za su ɓullo. Da ganinsa na san ba alheri ya kawo shi ba.

Igwa ce da su, ta harbin tankar yaƙi. Mai ya ƙare wa motar da ke jan ta, sun bar ta a bakin daji. Babbansu, Saje Radtke, mutumin can arewa ne bakin teku, magana ɗaya-ɗaya kamar ana sayar masa da ita. So yake ya kafa ta a bayan garkena.

Kowa ya ji abin da ya sami Dornwinden. Harbi ɗaya aka yi daga cikin gari, Amurkawa suka ja baya suka yi ta ruwan wuta har sai da ba abin da ya rage a tsaye sai bututun hayaƙi. Ni kuma ga Baba kwance tun da ɓarin jikinsa ya shanye, ba ya ko juyawa sai an juya shi. Ina zan kai shi?

Igwar nan ba za ta shigo gidan nan ba ina numfashi.

Laraba, 4 ga Afrilu

Dawakin garin duk soja sun kwashe tun bara, saura shanun noma. Saje ya same ni ina tatsa.

"Uwargida, aron shanunki za ki ba ni, rabin yini."

Na ce saniyata Alma ɗingishi take yi. Sai kawai ya durƙusa ya ɗaga ƙafarta, ya share kofaton da babban yatsa, ita kuma munafukar ta tsaya masa cak. Ya ce, "Wannan ai ta fi ni lafiya." Ashe manomi ne. Na ce to karkiya ta karye. Ya dube ni, ya fita.

Karkiyar tana ƙarƙashin tulin dankali. Ya tona in ya iya.

Alhamis, 5 ga Afrilu

Dole aka sa ni kai wa masu gadin igwar miya. Yau na gan ta. Na zaci wata ƙatuwar aba ce, ashe a tsugune take, garkuwarta ko ƙirjina ba ta kai ba, sai dogon baki da ya fi keken shanuna tsawo. An zana fararen zobba a jikin bakin, kowane zobe tanka ɗaya.

Akwai wani dattijo a cikinsu, Pohl, aski yake yi a birni kafin a kamo shi. Bakinsa ba ya rufuwa. Ya ce, "Gaishe ta mana, matar Saje ce. Tun daga Rasha yake jan ta, bai taɓa kallon wata ba."

Shi ya nuna mini yadda take. Ƙafafu biyu gare ta a baya, ana buɗe su a kafe su a ƙasa. In ta yi harbi sai ta fesa wuta da ƙura dama da hagu, makaho ma ya san inda take. Kuma kowane harbi ƙafafun na ƙara nutsewa, har ta kai mutane ba sa iya ciro ta da hannu.

Na ce, "To in sun gan ku fa?"

Ya ce, "Sai mu ranta a na kare, uwargida. Gini ne ba ya gudu."

Dariya yake yi. Ni ban yi ba.

Juma'a, 6 ga Afrilu

Igwogin kakkaɓo jirage na tasha sun yini suna tari, ko ɗaya ba su samu ba. Ɓaraguzansu dai sun fasa mini rufin ɗakin kaji.

Asabar, 7 ga Afrilu

Saje ya ce bari ya gwada sauke Baba ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Na ce mun gwada ni da maƙwabciyata Babett, bai yiwu ba. Ya nace. Ya goya shi, suka kai mataki na biyu, wurin ƙunci ga lanƙwasa, Baba ya ƙwala ihun da ban taɓa jin irinsa daga bakinsa ba. Ya maido shi gado, ya goge masa gumi, ya gyara masa matashi yadda ya kamata. Wa ya koya masa, oho.

Kafin in dawo da ruwa sun ɓarke da hirar ƙasar noma. Baba da ya yi sati bai ce mini komai ba sai "ke, miya"! Wai ƙasar su Saje yashi ce, tamu laka. Haushi ya kama ni.

Na tare Saje a zaure. Na ce, "Ka dai gani da idonka. Kai ta wani wuri."

"Umarni ne. Ba ni ke zaɓen wuri ba."

"Ba ka da uba ne?"

Ya ce yana da shi har watan jiya. Rashawa sun ci garinsu, ba labarin kowa.

Ban yi masa jaje ba. In na fara tausayinsu na shiga uku.

Lahadi, 8 ga Afrilu

Laftanansu ya zo a kan babur, hannu ɗaya gare shi, ido jajur. Bai ko zauna ba. Safiyar Talata igwa ta kasance a bayan garke, ko kuma su kwance shanun da kansu, ni kuma kotun soja. Kowa ya san kotun nan, igiya ce da reshe.

Babett na kuka a bayan coci, wai mu tattara mu gudu daji. Ta gudu abinta in tana so. Ita ubanta na kabari.

Litinin, 9 ga Afrilu

Na tono karkiya.

Daga bakin daji zuwa gidanmu hanya biyu ce. Titi, wanda jirage ba sa barin ko keke ya wuce. Sai fadamarmu ta bakin rafi, shimfiɗe lumui, kore shar, baƙo ya gan ta sai ya so kwanciya. Duk garin nan ba mai saka keke cikinta kafin lokacin yankan ciyawa. Fatar sama ce kawai, ƙarƙashinta ruwa.

Ina ba Baba abinci ya ce, "Kuni, ta ina za ki bi?"

Na ce ta fadama.

Ya daɗe yana kallona. Ya ce, "Sa wuƙa a aljihu. Ki yanke wa shanun igiya da wuri, kada igwar ta ja su."

Na wasa ta. Tsoro nake ji sosai, amma gobe zan je.

Talata, 10 ga Afrilu

Dole in rubuta wannan.

Mun tashi da sassafe, hazo ya rufe ko'ina. Suka haɗe ƙafafun igwar, muka ɗaura mata Alma da 'yar'uwarta Resi. Na ce wa Saje titi haɗari ne, ga gajeriyar hanya ta cikin ciyawa. Pohl ya ce, "Allah ya yi miki albarka, ni da jirgin nan ba ma ga maciji." Ni ce a gaba riƙe da Alma, su suna turi a baya.

Da muka kai bakin fadama Saje ya ce a tsaya. Ya zo gaba. Ya taka, ya ɗaga ƙafa, ya tsaya yana kallon ruwa na taruwa a sawunsa. Ya tsinko ciyawa ɗaya, irin mai kauri da ba ta fitowa sai inda ruwa ke kwance, ya murza ta. Sannan ya dube ni. Mutumin da ya san kofaton saniya, yaya za a yi bai san wannan ba? Ni da wautata ban yi wannan tunanin ba sai a lokacin.

Ya waiwaya ya kalli igwar, ya daɗe. Ya kalli gidanmu da ke ɓullowa cikin hazo.

Ya ce, "Mu je, uwargida. Ki bi ta tsakiya."

Muka shiga. Da farko lafiya, sai taya ɗaya ta faɗa, ɗayar ta bi. Sojoji na ihu suna turi, ita tana ƙara zama. Resi ta durƙushe, na sa wuƙa na yanke igiya, na ja shanun gefe. Kafin hazo ya washe laka ta kai garkuwa, bakin ya ɗaga sama. Shanu ashirin ba sa fid da ita.

Saje ya shiga taɓon har gwiwa, ya kwance ƙarfen da ke rufe gindinta ya cilla shi rafi, wai haka ƙa'ida ta ce in za a bar igwa. Ya dafa bakinta kamar mai sallamar dabba. Pohl bai yi ba'a ba.

Da hantsi laftana ya iso. A tsakar gidana aka yi, ina riƙe da bokiti.

"Wa ya zaɓi hanyar?"

Na buɗe baki ke nan, Saje ya riga ni. "Ni ne, ranka ya daɗe. Matar ta ce mu bi titi, na ƙi."

Pohl da sauran suna kallon ƙasa, ba wanda ya ƙaryata shi. Aka kama Saje, aka karɓe masa ɗamara. Da za a tafi da shi ya ce mini, "A riƙa juya tsohon ta hagu, dama ta fara gyambo."

Laraba, 11 ga Afrilu

Sauran sun bi daji sun tafi. Baba na tambaya ina mutumin yashi. Na ce an canja masa wuri.

Juma'a, 13 ga Afrilu

Amurkawa sun shigo. Kowace taga da farin zanen gado, alamar miƙa wuya. Tankar farko ta tsaya a titi ta juya baki wajen fadama, zuciyata ta tsaya da ita. Wasu suka sauka suka leƙa, na hango su suna dariya, suka wuce. Ko harsashi ɗaya bai tashi a garin nan ba.

Baba na barci duk aka yi aka gama. Da ya farka miya ya nema.

Lahadi, 15 ga Afrilu

Babett ta dawo daga garin kasuwa. Wai akwai wani soja rataye a bishiyar mararraba tun Laraba, ba wanda ya yarda ya taɓa shi. Dogo, wandonsa duk busasshiyar laka har gwiwa.

Na ce mata sojoji dogaye ba su da iyaka. Na ƙona burodi yau.

Talata, 17 ga Afrilu

Da ma ina da niyyar zuwa neman gishiri, kuma keken shanun fanko yake. Ba wani abu ba ne.

Ni da Babett muka sauke shi daga bishiyar. Na rufe shi da zanen da na rataya a taga, shi ne mai tsabta. Alma ta yi ta waiwaye a hanya.

Fada, limamin cocinmu, ya ce ba ɗan ɗariƙarmu ba ne, a kai shi bayan katanga inda ake sa baƙi. Na ce a gefen kabarin Inna za a sa shi, filinmu ne, kuma ɗan gidanmu ne. Ban san daga ina maganar ta fito ba. Ya dube ni, ni ma na dube shi, har ya gaji ya ce a kira mai haƙa.

Da aka zo addu'a ya tambaye ni sunan da uwarsa ta raɗa masa. Na tsaya. Sati guda yana cin miyata, ban taɓa tambayarsa ba.