Motar da Ke Tsayawa a Ƙofar Gida

Alƙahira, 3 ga Yuli

Ƙanwata Mu'minat,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki. Maganar motar hayar da Baba ya bar mana ce. Na ba dillali izinin sayarwa. Ana shimfiɗa layin dogo ta Kazaure, ranar da jirgi ya fara aiki wa zai hau wannan akwala? Mu ma a unguwarmu an tuge ƙaramin jirgin da ke bin titi, tunda akwai na ƙarƙashin ƙasa. Na duba taswira, tsakaninku da layin bai kai faɗin ɗan yatsa ba. Kawu Daudu ya tsufa da tuƙi, ya huta haka nan.

Yayanki,
Musaddiƙ

Bayan Gwiwa, 12 ga Yuli

Yaya Musaddiƙ,

Wa alaikumus salam. Ya karatu, ya baƙunta? Ka san nan babu sabis, sai ranar kasuwar Gwiwa Kawu ke ɗaukar hoton takardata ya tura maka, ya zo mini da taka.

Yaya, ɗan yatsan nan naka tafiyar awa biyu ce a mota, ga rafi a tsakani. Jirgin ko ƙararsa ba mu ji ba tukuna, in ya zo ma ba zai tsaya a ƙofar gidan kowa ba. Motar Baba ce kaɗai ke shigo mana lokacin damina, 'yan acaɓa sun daina.

Kunya ta hana ni gaya maka, cikina wata takwas. A asibitin Kazaure sun ce ɗan a gicciye yake, sai an yi aiki. Sun ce in koma ranar 28, kada naƙuda ta same ni a gida. Wallahi tsoro nake ji. Don Allah ka bari in sauka tukuna.

Ƙanwarka mai biyayya,
Mu'minat

Alƙahira, 18 ga Yuli

Mu'minat,

Salam. Innalillahi! Me ya sa kika ɓoye? Tun jiya nake kiran dillalin, bai ɗauka ba. Kada Kawu ya ba kowa mukulli. Akwai wata tsohuwa maƙwabciyata, tun da aka cire jirgin titi ban ƙara ganinta a waje ba. Yau na tambaya, ashe matakalar tashar ƙarƙashin ƙasa ce ba ta iya sauka. Kada ki jira 28, ku tafi Kazaure gobe. Ki yafe mini.

Yayanki

Tashar Gwiwa, 19 ga Yuli

Ɗana Musaddiƙ,

Bayan sallama. Yanzu na ga takardarka. Mai saye ya tafi da mota tun shekaranjiya, da izininka a rubuce.

Tun safe Mu'minat ke ciwon baya. Na tako da ƙafa neman mota, direba uku na roƙa, kowa ya ce ba zai shiga rafin ba. Mijinta na can yana ɗaura wa shanu amalanke, hadari kuma ya haɗo daga gabas.

Shekara talatin ina ƙetare rafin nan da matan mutane, yau ga ni a tasha ba ni da abin tuƙawa. Ka yi mata addu'a.

Kawunka,
Daudu