Wasan Tsofaffi a Aji Huɗu

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku, da fatan kuna lafiya, ku da Hajiya da yara. Yaya ƙafar, ta yi sauƙi? Mu nan Kurmin Mashi lafiya lau, sai dai hankalina ba a kwance yake ba.

Da ƙyar shugabar makarantarmu ta yarda in riƙa kawo tsofaffin unguwa su ba ɗalibaina tarihin zuwansu Kaduna. Ranar Laraba na kawo Baba Modu, Babarbare mai ɗinkin hula, da Inna Jumma, Bafillatana. Yana fara magana ta katse shi: “Yi shiru, bawana! Ba ni na kawo ka garin nan ba?” Ya ce, “Wa ya bar baiwata ta shigo makaranta?” Muka yi ta dariya. Ban tuna na faɗa wa yaran cewa wasa ne tsakanin Barebari da Fulani ba.

Ana fita hutun tara, wani yaro ya kira Bulus, ɗan ajinsu, bawa. Mahaifin Bulus ya zo ransa a ɓace, kuma ban ga laifinsa ba. Jibi za a zauna da iyaye a yanke hukunci, ko in ci gaba ko in daina.

Tsofaffin sun ce za su zo tare su yi bayani. Na roƙe su kada su yi wasan nan a gaban iyaye. Inna ta ce ba ta yi alkawari ba.

Don Allah ku sa ni a addu’a. A gaida mutanen gida.

’Yarku,
Hadiza