Turmi a Makarantar Inna

Zuwa ga Adda Hauwa,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya jikinki, yaya Malam da yara, yaya zaman baƙunta? Allah ya sa kuna lafiya.

Bayan haka, makarantar da Inna ta bar mana ta mutu. Wani Bature ya zo Gwandu da akwatin ɗaukar hoto mai motsi, Kawu Bello ya ba shi hayar gidanmu ban sani ba. Ina cikin biya wa mata karatu suka shigo. Tafinta ya ce, "Malama, a kwashe littattafan nan. Bature ya ce matan ƙasarku daka suke yi."

Wa ke musu da Bature? Aka miƙa wa ɗalibaina taɓare, suka yini suna dakan turmin da babu ko ƙwayar gero. Ya yaba ƙwarai.

Da mazajensu suka ji za a nuna fuskokinsu ga ƙattin Ingila, ba wadda ta sake dawowa. Na roƙi Kawu ya je ya ba su haƙuri, ya ce, "Mi anka yi? Ba daka ba ne kawai?"

Ki sa ni a addu'a, ki gaida Malam. Na ja ƙyauren ɗakin karatu na rufe, zan kama hanyar Kalgo wurin Goggo. Turmin na bar wa Kawu.

Ƙanwarki,
Rabi