Tocilar Nutso da Madubin Baba

Daren Asabar, Bron

Na dawo daga Paris a gajiye, da sabuwar tocilar nutso. Tun ranar da Hadiza, abokiyar nutsona, ta ɓace mini na ɗan lokaci a ƙasan tafki, na rantse sai na sayi wadda haskenta ya fi faɗi. Mai shagon ya ce, "Wannan laka kawai za ta haska miki. Ɗauki mai siririn haske."

Har na buɗe baki zan yi gardama, sai na tuna Baba. In guga ya faɗa rijiya, da ɗan madubi yake karkato rana, siririya, har ƙasa.

Ga ta nan tana caji. Gobe ni zan sauka, Baba, da ranarka a hannuna.