Gahawar da Ta Huce a Zauren Baba

Zuwa ga ƙanena Nazar,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Intisar da yara. Allah Ya ƙara muku rufin asiri a wannan ƙasa ta sanyi da kuka zaɓa. Mu ma nan alhamdu lillahi. Baba yana nan da sauran ƙarfinsa, in ban da idon hagun nan da ya ƙi jin magani, ga gwiwa, yanzu a zaune yake salla. Nahida, matar marigayi yayanmu Falih, ta ɗan warware daga ciwon ƙirjin da ya kwantar da ita. 'Yata Ala ta sauka lafiya, namiji, an sa masa Falih, kuma ba ka kira ka yi barka ba, amma ba wannan ya sa na ɗauki alƙalami ba. Dabino ya fara nuna a kan bishiya, shanu kuwa sun rame, don rafi ya janye har yara na tsallake shi ba su jiƙa wando ba. Na zaɓi in rubuto maka ne saboda ran nan da na kira ka, ina tsakiyar magana ka ce wai ba ka ji sosai, ka kashe waya. Takarda ba ta da wannan ciwon. Ka karanta ta har ƙarshe, don ran Sajjad ɗan Falih ne a cikinta, kuma kai ne ka jefa shi cikin haɗari da bakinka.

Bari in tuna maka abin da ya faru, tunda da alama sanyin Suwidin ya daskarar maka da tunani. Hajji Mizhir, lokacin yana shugaban jam'iyya a lardinmu, shi ya datse mana rafi ya karkatar da ruwan zuwa tafkunan kifinsa. Da gonaki suka fara tsagewa, Falih da manoman ƙauye suka ɗauki shebur suka je buɗe madatsar. Ba wanda ya riƙe ko sanda. Mizhir yana tsaye a kan gaɓa ya ce wa masu gadinsa su harba, suka harba. Ni na wanke laka daga fuskar yayanmu, kai kana can kana kuka ta waya. Ranar jana'iza Sajjad, da ko gemu bai fara ba, ya ɗauko bindigar ubansa daga bayan buhunan shinkafa. Baba ya karɓe ta a gaban jama'a, ya ce masa akwai hukuma, hukuma za ta karɓar mana haƙƙinmu, in ta gaza ka zo ka tambaye ni. Da kotu ta yanke wa Mizhir shekara goma sha biyar, Baba ya kama kafaɗar yaron ya ce ka gani? Wannan maganar kaɗai ce ta ɗaure Sajjad duk tsawon lokacin nan, ba tsoro ba ne, ba kuma mantuwa ba.

To, ga babbar Salla ta zo, muna cikin suyar nama rediyo ta ce shugaban ƙasa ya yi wa Hajji Mizhir afuwa saboda rashin lafiya. Ko shekara biyu bai cika ba. Ka tuna yadda ake turo shi kotu a keken guragu, an lulluɓe masa ƙafafu da bargo, kansa a langaɓe kamar kazar da aka jiƙa? Wallahi da idona na gan shi a wayar Ala, yana fitowa daga ƙofar gidan yari a miƙe, ya karɓi bindiga daga hannun ƙaninsa, ya ɗaga ta sama yana rawa, ana yanka raguna a gabansa yana tsallake jini. Ba yaro ba babba, kowa ya san zaɓe ya matso, kuma ƙuri'un lardin nan a aljihunsa suke. Nahida tana riƙe da ludayi lokacin da aka faɗa, ta ajiye shi a hankali, ta shiga ɗaki, ba ta sake fitowa ba sai washegari.

Da ka ga kasuwa da ka san gari ya yi zafi. Ina zaune da kindirmona da man shanu, ba wanda ke zancen ciniki. Ummu Sattar mai kifi, wadda ka san bakinta ba ya da linzami, ta miƙe a kan akwatinta tana cewa jama'a ku zo ku ji sabon magani, duk mai ciwon ƙafa ya je ya kashe mutum, shugaban ƙasa zai sa hannu ya warke. Wanzamin bakin gada ya ce shi daga yau ba zai sake faɗa da kowa ba sai ya yanki katin jam'iyya tukuna. Wata tsohuwa da ban san ta ba ta kama hannuna tana kuka, ta ce ɗanta tukunyar gas ya sata, yana can a ɗaure da tarin fuka, ita wa zai kai wa shugaban ƙasa sunansa? Matasa suka tare babbar hanya da tayoyi, hayaƙi ya rufe gari, 'yan sanda suka watsa barkonon tsohuwa har cikin rumfunan mata, suka kwashe yara cike da mota. Waɗannan yaran har yau suna hannu, babu mai yi musu afuwa. Mata suka haɗa baki ba mai sayen kifin tafkunan Mizhir, motarsa ta zo ta tsaya a rana har kifin ya yi wari, direban ya juya da shi ana yi masa ihu. Na yi ihun nan har muryata ta dushe, kuma ban ji kunya ba.

Mizhir ba wawa ba ne. Ya san takardar shugaban ƙasa ta buɗe masa ƙofar gidan yari, amma ba za ta tare masa harsashi ba, shi kuwa yana so ya yi yawon neman ƙuri'a hankali kwance. Shi ya sa ya tara dattawa ya turo su neman sulhu, kuma wanda ya jagorance su Shehu Lafta ne, kawun matarka. Motoci suka cika bakin rafi, shi Mizhir yana zaune cikin tasa gilashi a rufe, yana jiran a ce ya shigo. Baba ya tarbe su yadda ake tarbar baƙi, zaure ya cika har waje. Ni da Nahida muna bayan katangar kara muna leƙe. Sajjad ne ya zuba gahawa, don shi ne namijin gida. Suka karɓa, suka ajiye finjalan a kan tabarma ba su kai baki ba, alamar ba za su sha ba sai an biya musu buƙata. Shehu Lafta ya gyara zama ya yi ta zuba, ya jawo aya ya jawo hadisi, ya ce Hajji zai buɗe ruwa, zai gina makaranta da sunan marigayi, ya ce ai uban ƙasa ma ya yafe, balle mu 'ya'yanta. Baba yana ta jan carbinsa.

Da Shehu ya ga zubarsa ba ta kai shi ko'ina ba, sai ya yi murmushi, ya kira Baba da alkunyarsa ya ce Abu Falih, kada mu wahalar da juna, ai an riga an gama magana, ɗanka Nazar ya ba ni kalmarsa ta waya cewa gidanku ya yafe, kuma ya ce da yawunka yake magana, ko za ka ƙaryata ɗanka a gaban dattawa? Nazar, na ga fuskar Baba a lokacin. Na ga tsoho mai shekara tamanin an sa shi ya zaɓa tsakanin ya sayar da jinin ɗansa na fari ko ya kunyata na ƙarshe a bainar jama'a. Butar gahawa tana hannun Sajjad, na ga ya juyo yana kallon kakansa kamar bai taɓa ganinsa ba. Nahida ta danne bakinta da mayafi. Ni kuwa da kana kusa da sai na shaƙe ka, Allah Ya sani.

Baba ya ɗago. Ya ce Shehu, Nazar ɗana ne, amma ya yi kyauta da abin da ba nasa ba, kamar yadda shugaban ƙasa ya yi. Ya ce da Mizhir ya zauna a inda alƙali ya ajiye shi, ya aiko daga can yana neman gafara, wallahi da ya duba, don shi ma yana bakin kabari yana neman a yafe masa. Amma mutumin da ya fito yana rawa da bindiga ba gafara yake nema ba, hanya yake so a share masa. Ya ce wanda ya yafe masa yana da fada, yana da gahawa, ku je can ku sha. Wani daga cikin dattawan ya ce Abu Falih, gahawarka tana hucewa, abin kunya ne baƙo ya tashi bai sha ba. Baba ya ce ta huce, ya ɗauki kunyar. Abu ɗaya ya ba su don girman furfurarsu, ya ce babu wanda zai taɓa Mizhir daga gidan nan har a gama girbin dabino. Suka tashi suka bar finjalan a cike.

Ƙurar motocinsu ba ta kwanta ba Sajjad ya durƙusa gaban Baba. Ya ce Kaka, ka ce in hukuma ta gaza in zo in tambaye ka, ga ni na zo. Yaron ya cire baƙar igiyar rawaninsa ya ajiye a gaban kakansa, kuma ka san namijin da ya ajiye ta ba ya sake ɗaura ta sai ya ɗauki fansa. Tun ranar haka yake yawo. Ba ya faɗa, ba ya ɗaga murya, yana tatsar shanu, yana cin gurasarsa, wannan ne ma ya fi ba ni tsoro. An ce an gan shi yana zagaya tafkunan da kwalekwale. Na tsare shi a garke na ce masa in ya yi abin nan rataye shi za a yi, shi ba shi da shugaban ƙasa. Ya ce Gwaggo, ai na sani. Na ce to uwarka fa? Ya ce Gwaggo, da Mizhir ne kaɗai da na ci gaba da haƙuri, amma yau an faɗa a gaban ƙabilu cewa ƙanin ubana ya yafe jininsa ta waya, kamar mai soke cinikin akuya, in ban tashi ba za a ce Falih bai bar kowa ba. Ka ji abin da ka jawo. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa.

Na san abin da za ka ce, don ka fara faɗa mini kafin wayarka ta kurumce. Wai ka gaji da jini, wai tsoro kake ji mana, wai Shehu ya matsa maka kuma surukinka ne ba ka iya ce masa a'a. Wataƙila har cikin ranka kana ganin alheri ka yi. To wa ka tambaya? Ka tambayi Baba? Ka tambayi matar da ke kwana da rigar Falih a ƙarƙashin matashi? Kana can inda ruwa ke zuwa da zafi da sanyi daga bango, kana raba gafara kamar alewar biki. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Ina jin haushin shugaban ƙasa, ina jin haushin Mizhir, amma su ba ni na yi musu wanka suna jarirai ba. Kai ne na raina bayan rasuwar Inna, kai ne na hana kaina karatu don ka yi, kuma ban taɓa goranta maka ba sai yau.

Duk da haka hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, kuma ba ni da wani ƙanin sai kai. Ga abin da nake so, kuma ba roƙo nake ba. Ka hau jirgi ka zo kafin a sare dabinon ƙarshe. Ka shiga zauren nan, a kira Shehu Lafta da waɗanda suka ji maganarka, ka miƙe tsaye ka ce ka yi kuskure, ba da yawun kowa ka yi magana ba, jinin Falih yana nan ba a yafe shi ba. Za a yi maka dariya, surukanka za su yi fushi, ka haɗiye. In Sajjad ya ji haka daga bakinka, nauyin ya sauka daga kansa shi kaɗai ya koma kan gida duka, Baba zai sami bakin da zai ce masa ya ɗaura igiyarsa. Daga nan ka san yadda za ka yi ka fitar da shi daga ƙasar nan, karatu ne ko aiki ne, Nahida ta amince, ta ce gara ta riƙa jin muryarsa daga nesa da ta riƙa kai masa ziyara makabarta. Kada ka aiko kuɗi, kada ka aiko saƙon murya, ba zai saurara ba. Masu hawan dabino sun riga sun fara daga gonakin gabas, kuma ka san gonakinmu ba su da yawa. In ka tsaya jiran hutun aiki har abin da nake tsoro ya faru, to ka yi zamanka, kada ka zo ta'aziyya, don ni zan tsaya a ƙofa.

Ka gaida Intisar, ka ce mata ba na riƙe ta da laifin kawunta. Ka shafa mini kan Batul da Karrar, ka ce Gwaggo ta ajiye musu dabinon bishiyar bayan gida. Ala da mijinta suna gaishe ku, maigidana Abu Ala ma haka. Nahida ta ce a gaida yara. Na karanta wa Baba takardar nan kafin in rufe, na tambaye shi ko in sa gaisuwarsa gare ka. Ya ce in rubuta cewa yana gaida jikokinsa, kai kuwa in ka zo zai gaishe ka da bakinsa.

Allah Ya kawo ka a kan lokaci.

Yayarka,
Sabriya